Inda kake tsaye daban, abin da ka zaɓa daban: sa alama a jerin zaɓi na taminal

Ƙanena, saƙonka ya same ni jiya da magariba ina cikin gosulo a hanyar komawa Agege, shi ya sa ban amsa nan take ba. Amsar ba ta yatsa ɗaya a kan waya ba ce. Bari in maimaita tambayar yadda na fahimce ta. Kana rubuta wa maigidanka ƙaramar manhaja da harshen C, wadda zai riƙa amfani da ita a rumfarsa ta kayan gwari a kasuwar Mile 12. In mota ta sauke kaya, jerinsu zai fito a baƙin allon nan na taminal, albasa, tumatur, tattasai, attaruhu, kuɓewa, shi kuma ya zaɓi waɗanda za a haɗa wa mai saye a rasit ɗaya. Ka ɗauko laburaren menu na ncurses, wato tarin kod ɗin nan da ake zana allon taminal da shi, ka kashe O_ONEVALUE don a iya zaɓar fiye da ɗaya, sai ka tarar set_menu_mark alama ɗaya tak take ba ka. Kai kuwa so kake wanda aka zaɓa ya fito da [x], wanda ba a zaɓa ba ya fito da [ ]. Ka ce kwana biyu ke nan kana neman inda ake sa alamar "ba a zaɓa ba".

Daina nema, babu shi. Ba idonka ne ya tsallake ba. Laburaren ya gaji tsarinsa daga System V na da, wani tsohon nau'in tsarin Unix, kuma Juergen Pfeifer da ya rubuta na ncurses ya bi wancan tsarin ne don tsofaffin manhajoji su ci gaba da aiki. A tsarin alama ɗaya ce, in ba ka canja ta ba ɗan gajeren layin nan ne "-". Duk lokacin da laburaren zai zana layi, tambaya ɗaya yake yi: an zaɓi wannan abu, ko kuwa manuni, wato abin da ke nuna layin da kake kai, a kansa yake tsaye? In ɗaya daga ciki ya tabbata, sai ya buga alamar ya kuma juya launin sunan. In babu ko ɗaya, sai ya bar gurbin fili. Ka ga matsala biyu ce ke nan. Wadda ka gani ita ce ƙarama. Babbar, wadda ba ka ambata ba amma za ta cije ka ranar da maigidan naka, Alhaji, ya zauna gaban laftof ɗin, ita ce layin da kake tsaye a kai da layin da ka riga ka zaɓa kusan kama ɗaya suke. Akwai ɗan bambanci da suka sa a launin ita alamar kanta, amma sai wanda ya san da shi zai lura.

Ka fi ni sanin yadda ake cinikin albasa a nan inda kake. Mai saye yana bin layin buhuna yana ɗora hannu a kan wannan, ya taɓa wancan, ya wuce. Hannun nan ba ciniki ba ne, yana nuna inda ya iso ne kawai. Sai ya ce "wannan na ɗauka" sannan yaron rumfa zai shafa wa buhun shaida. Hannu ɗaya ne, kuma yawo yake. Shaida tana iya zama a buhu goma, kuma ba ta motsi in mutumin ya matsa gaba. Yanzu ka ƙaddara a ce hannun mai saye ma fenti ne a jikinsa, iri ɗaya da na shaidar. Abin da laburaren ya yi maka ke nan.

Saboda haka kafin ka taɓa allo, gyara abin da manhajar take riƙe a ƙwaƙwalwarta. Abu biyu za ka ajiye, kowanne da gidansa. Na farko lamba ɗaya ce kacal ga jerin gaba ɗaya: manuni yana layi na nawa. Na biyu kowane kaya da nasa: an zaɓe shi ko ba a zaɓe shi ba. Kibiyar sama da ta ƙasa na farkon kawai suke taɓawa. Dogon maɓallin Space na biyun kawai yake juyawa. Allo kuma ba ma'aji ba ne, kada ka taɓa komawa kansa kana karanta harafin da ke wani gurbi don ka gane ko an zaɓi abu. Duk sanda aka danna maɓalli, sai ka sake zana shi daga waɗancan biyun. Abin da kake so mutum ya gani shi ne wannan:

```
   [x] Albasa      buhu 12
   [ ] Tumatur     kwando 30
 > [x] Tattasai    solo 8
   [ ] Attaruhu    solo 5
```

Kowane layi yana iya kasancewa cikin hali huɗu: ana tsaye a kansa an zaɓe shi, ana tsaye a kansa ba a zaɓe shi ba, an wuce shi an zaɓa, an wuce shi ba a zaɓa ba. In akwai biyu daga cikin huɗun nan da suka yi kama a ido, aikin bai yi ba tukuna. Wannan shi ne ma'aunin da nake gwada kowane menu da shi, nawa ko na wani.

Shawarata ka ajiye laburaren menu ɗin gefe, ka zana da kanka da ncurses zalla. Kada abin ya ba ka tsoro, bai kai layi talatin ba:

```c
struct kaya { int lamba; const char *suna; int an_zaba; };

void zana(struct kaya *k, int adadi, int manuni)
{
    erase();
    for (int i = 0; i < adadi; i++) {
        mvaddstr(i + 2, 1, i == manuni ? ">" : " ");
        mvaddstr(i + 2, 3, k[i].an_zaba ? "[x] " : "[ ] ");
        if (i == manuni) attron(A_REVERSE);
        addstr(k[i].suna);
        if (i == manuni) attroff(A_REVERSE);
    }
    move(manuni + 2, 4);
    refresh();
}
```

Sai madaukin da ke sauraron maɓallai, bayan ka kira initscr, cbreak, noecho da keypad, ka kuma zana sau ɗaya tun farko:

```c
int c;
while ((c = getch()) != '\n') {
    if (c == KEY_UP && manuni > 0) manuni--;
    else if (c == KEY_DOWN && manuni < adadi - 1) manuni++;
    else if (c == ' ') k[manuni].an_zaba = !k[manuni].an_zaba;
    zana(k, adadi, manuni);
}
```

Duba da kyau, a cikin zana tambaya biyu ake yi, kuma ba sa shiga gonar juna. Akwatin yana kallon an_zaba kawai. Kibiyar gefe da juya launi suna kallon manuni kawai. Ka lura kuma "[x] " da "[ ] " faɗinsu ɗaya, gurbi huɗu-huɗu, shi ya sa suna ba ya tsalle dama ko hagu in aka danna Space. Na sa erase ne da gangan, ban sa clear ba. Dukansu suna share allo, amma clear yana tilasta wa ncurses ya sake aika komai daga farko, sai ka ga allon yana ƙifta ido a duk dannawa. Da erase kuwa ncurses zai kwatanta sabon zane da abin da ke allon, ya aika bambancin kawai, wani lokaci harafi ɗaya. In wata rana ka shiga na'urar daga gida ta SSH da irin netwok ɗinmu, za ka gode wa wannan. Layin move na ƙarshe yana mayar da ainihin ɗigon rubutu na taminal cikin akwatin layin da ake kai. Mutane da yawa suna ɓoye shi da curs_set don kwalliya. Ni ba na ɓoyewa, domin manhajojin da ke karanta wa makafi allo shi suke bi, kuma ko ga mai gani ƙarin shaida ce.

In ka dage sai da laburaren, saboda ka riga ka gina abubuwa a kansa, akwai dabara. Tun kafin post_menu ka ba set_menu_mark fili huɗu zalla don ya ware maka gurbi. Bayan kowane kiran menu_driver sai ka bi abubuwan da ke bayyane ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi item_value, ka rubuta akwatinka a ƙaramar tagar menu ɗin, a layin da ka samu in ka cire top_row daga item_index. Dole ka maimaita bayan kowane kira, don laburaren yana iya zana nasa a kan naka. To amma juya launin nan fa yana nan a kan waɗanda aka zaɓa da wanda ake tsaye a kai gaba ɗaya, sai ka mayar da set_menu_fore zuwa A_NORMAL, ka haska layin manuni da kanka da mvwchgat, ka kira pos_menu_cursor. In ka lissafa, rabin menu ɗin kai kake zanawa, kuma kana kokawa da wanda ke zana ɗaya rabin. An gudu ba a tsira ba. Na taɓa bin wannan hanyar sau ɗaya, ban sake ba.

Yanzu maganar da ta fi kod muhimmanci, wato me ya sa akwati da harafi, ba launi ba. Na san zuciya tana so a ce wanda aka zaɓa ya zama kore, saura fari. A ɗakinka da daddare zai yi kyau ƙwarai. Na taɓa rubuta wa wani dattijo mai sayar da hatsi irin wannan, da kore da fari, ina ta jin daɗin kaina. Ranar da na kai masa, wajen ƙarfe ɗaya na rana ne, haske yana shigowa ta bakin rumfa kai tsaye kan allon, laftof ɗin tsohuwa ce daga Computer Village, kuma an rage haskenta don batir ya kai yamma tunda babu wuta. Ya danna uku kamar yadda na nuna masa. Ya sauke tabarau zuwa kan hanci, ya matso har numfashinsa yana taɓa allon, ya karkatar da murfin gaba, ya mayar baya, sannan ya juyo ya ce, "Yaro, wanne na ɗauka a ciki?" Na leƙa don in nuna masa, wallahi ni ma sai da na kare allon da tafin hannu kafin na gane. A nan tsugune na buɗe fayil ɗin na sa masa akwatuna. Ban da rana da tsohon allo, akwai mutane, galibinsu maza, da idonsu ba ya raba ja da kore sosai, kuma da yawa ba su ma san haka suke ba. Sannan launukan da kake kira da lamba 30 zuwa 37 ba su da tsayayyen kama, kowace taminal da yadda take fassara "kore", wani ma farin bango yake amfani da shi maimakon baƙi. Shi ya sa na zaɓi A_REVERSE ga manuni: ba ya kiran wani launi, musanya na rubutu da na bango kawai yake yi, ko mene ne su. Ka sa launi in kana so, amma a matsayin ƙari. In an cire shi gaba ɗaya, ya zama har yanzu ana gane komai. Akwai ma wata al'ada da masu rubuta manhajojin taminal suka yarda da ita, in mutum ya saita NO_COLOR a muhallinsa, a daina fesa masa launi. Mutunta ta layi biyu ne da getenv.

Kuma akwatin da babu komai a ciki ba ado ba ne. Shi ke gaya wa mutum cewa wannan layin ana iya zaɓarsa. In babu shi, wanda bai taɓa ganin manhajar ba zai ɗauka jeri ne na karantawa kawai, ko ya danna Enter a kan na farko ya wuce.

Ba mu muka fara wannan ba. In kana da Linux, shiga babbar foldar kod ɗin kernel, wato zuciyar Linux ɗin, ka buga make menuconfig ka ga yadda suka yi da dubban zaɓuɓɓuka. [*] na nufin an haɗa shi ciki, [ ] an bar shi, <M> za a gina shi a ware a ɗora in an buƙata, < > kuma ana iya yin hakan amma ba a zaɓa ba. Siffar bakin akwatin tana faɗa maka irin zaɓin da ke akwai, abin da ke ciki yana faɗa maka wanda aka yi. Haka dialog da whiptail suke, waɗanda ake kira daga rubutun shell: in zaɓi da yawa ne, akwati mai kusurwa, in ɗaya tak ake so, mai zagaye, (*) da ( ). Ita kuwa fzf, mai tace jeri, saiti biyu ta ware, --pointer na inda kake da --marker na abin da ka zaɓa da maɓallin Tab. Kowa ya iso wuri ɗaya.

Wannan bambancin na kusurwa da zagaye zai yi maka amfani a shafin biya. Tsabar kuɗi, tiransifa ko bashi, ɗaya ne kawai zai yiwu. A nan kada ka ba kowane layi an_zaba nasa, don wata rana za ka manta ka goge tsohon, rasit ya fito an biya kuma ana bin bashi. Lamba ɗaya za ka ajiye, wanda_aka_zaba, kamar yadda ka ajiye manuni, sai zane ya kwatanta. Kayan da ya ƙare kuma kada ka cire shi daga jeri, Alhaji zai yi ta nemansa yana zaton manhajar ta haɗiye. Ba shi [-], ka rubuta "ya ƙare" a gabansa da haruffa, Space kuma ya ƙi taɓa shi. A_DIM yana dusashe rubutu, amma ba kowace taminal ke nuna shi ba, don haka kada ka jingina da shi shi kaɗai.

Za ka ga wasu manhajojin zamani suna sa ☐ da ☑, ko ◉ da ◯, ko ma ✅. Suna da kyau in sun fito. In salon haruffan na'urar ba shi da su, sai ka ga alamar tambaya ko fankon murabba'i a duka biyun, wanda aka zaɓa da wanda ba a zaɓa ba. Kuma ✅ gurbi biyu yake ci a allo, ba ɗaya ba, sai layin da aka zaɓa ya ture sunansa gefe. A manhajar da za ta zauna a na'urar da ba kai ka saita ta ba, ka tsaya a kan [x]. Ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Amma ko ka guje wa waɗancan, harshenmu da kansa zai kawo maka irin matsalar, kuma wannan ba za ka same ta a darussan Turawa ba. Ɗauki Albasa da Kuɓewa. Kowacce harafi shida ce. A UTF-8 kuwa, tsarin da kwamfuta ke ajiye haruffa da shi da ma'aunin da ake kira bait, Albasa bait shida ce, Kuɓewa bakwai, domin ɓ bait biyu take ci. Haka ɗ da ƙ. Alamar ₦ uku take ci. Shi strlen bait yake ƙirgawa, kuma in ka ce wa printf ya cike suna zuwa gurbi goma sha biyu da %-12s, shi ma bait yake ƙirgawa. Sakamakon shi ne farashin kuɓewa zai zame hagu da gurbi ɗaya, na wani abu mai ƙugiya biyu ya zame da biyu, jerin ya karkace kamar layin da aka ja da dare. Maganin mai sauƙi: kada ka cike da fili, ka tsallaka da move zuwa tsayayyen gurbi kafin ka rubuta farashi. In lallai kana buƙatar faɗin rubutu, misali don yanke suna mai tsawo, mayar da shi da mbstowcs ka tambayi wcswidth. Kafin duk wannan, kira setlocale da LC_ALL da fankon rubutu tun kafin initscr, kuma ka haɗa da -lncursesw mai w a ƙarshe, ba -lncurses ba. In ka ga tarkace mai farawa da "M-" a inda ɓ ya kamata ta fito, ɗaya daga cikin biyun nan ka manta.

Akwai dalilin da ya sa na ajiye an_zaba a cikin jikin kowane kaya, na kuma ba shi lamba tasa, kuma da tsada na koye shi. Shekarun baya na yi wa wani kamfanin dakon kaya a wajen Apapa manhajar fitar da takardar lodi. Na ajiye zaɓi da lambar layi: an zaɓi na biyu da na biyar. Ma'aikacin ya zaɓi nasa daidai, sannan ya danna maɓallin da ke jera kaya bisa kwanan wata don ya duba wani abu. Jerin ya juya, alamomin suka tsaya cak a layi na biyu da na biyar, a kan kayan wasu mutane daban. Ya buga takarda, aka yi lodi. Motar ta kai Ojota kafin a kira direba ya juyo, kuma ka san abin da juyowa zuwa Apapa take nufi. Laifina ne, ba nasa ba. A tsarin da na ba ka, in ka jera da qsort, shaidar tana tafiya tare da buhunta. Haka nan in wani ya ba ka shawarar cusa zaɓin duka cikin lamba ɗaya, kowane layi da ɗigonsa na 1 << i, ka sani dabara ce mai kyau ga jerin da ba ya canjawa, amma ta ɗaure ka da lambar layi, kuma ba ta wuce abu 32 ko 64.

Da zarar ka ƙara tacewa, ko jerin ya fi allo tsawo, wata matsalar za ta ɓullo: abin da aka zaɓa yana iya ɓuya daga ido. Girman taminal na gado layi 24 ne da gurbi 80, kuma ranar da motoci uku suka sauke kaya lokaci ɗaya za ka wuce haka. Za ka buƙaci lamba ta uku, layin da ke saman allo, ka riƙa matsar da ita in manuni zai fita, kana duba LINES, kana kuma sake zane in getch ya dawo da KEY_RESIZE. Sannan ka ware layin ƙarshe na allo ya riƙa cewa "An zaɓi 3 cikin 27" da jimillar kuɗinsu, kusa da ɗan tuni cewa Space zaɓa, Enter gama. In aka danna Enter, nuna waɗanda aka zaɓa su kaɗai a tambaya ko haka ne, kafin firinta ta motsa. Da na sa wannan tambayar ta tabbatarwa a Apapa, da ma'aikacin ya ga sunayen da ba nasa ba.

Ba ka faɗa mini abin da ke kan laftof ɗin rumfar ba, kuma ina zargin Windows ce. In haka ne, ncurses ba ɗan gida ba ne a can. Ko ka sa WSL, mai ba ka Linux a cikin Windows, ko ka koma PDCurses, wanda zai karɓi kod ɗin da na rubuta a sama kusan yadda yake, amma ba ya zuwa da laburaren menu, ƙarin dalili ke nan na zanawa da kanka. Kana kuma iya yi ba tare da kowane laburare ba, domin a ƙarƙashi duk abin da ake aika wa taminal haruffa ne masu farawa da ESC, mai lamba 27. Tsarin ya samo asali daga ƙa'idar ECMA-48 ta 1976, kuma na'urar VT100 ta kamfanin DEC da ta fito a 1978 ita ta yaɗa shi. "\033[7m" yana juya launi, "\033[0m" yana mayar da komai daidai, "\033[2K" yana goge layin da kake, "\033[4A" yana hawa layi huɗu sama don ka sake zane a kan tsohon. Windows 10 ta fara fahimtar waɗannan tun sabuntawar ƙarshen 2015, amma a tsohuwar tagar cmd sai ka kunna ENABLE_VIRTUAL_TERMINAL_PROCESSING ta SetConsoleMode, ka kuma mayar da ita UTF-8 da chcp 65001 saboda ƙugiyoyinmu. Maɓallai ne suka bambanta. A Linux kibiyar sama haruffa uku take aikowa, yawanci ESC da [ da A, ta ƙasa ta ƙare da B. A Windows, _getch yana ba ka 0 ko 224 da farko, sai ka sake kira ka samu 72 na sama ko 80 na ƙasa. Wannan farawa da ESC ita ce ta sa in ka mayar da maɓallin Esc na fasawa a ncurses za ka ga yana jinkiri: yana jira ne har daƙiƙa ɗaya ya ga ko kibiya ce ke tafe. Rage shi da set_escdelay.

In ka bi hanyar hannu a Linux, kai za ka kashe ICANON da ECHO ta termios, kuma kai za ka mayar da su ko ta wace ƙofa manhajar ta fita, har da Ctrl+C. In ka manta, za a bar mutum da taminal da yake bugawa ba ya ganin abin da yake bugawa. Ka rataya gyaran a atexit, ka kuma kama SIGINT. In abin ya same ka lokacin gwaji, buga reset ko stty sane a makance ka danna Enter.

Abu na ƙarshe daga abin da na gani a kasuwa: mutanenmu sun fi sabawa da lamba fiye da kibiya, saboda USSD na banki da na sayen kati, danna 1, danna 2. Sa lamba a gaban kowane layi, ka bari danna 3 ya juya akwatin na uku kai tsaye ya kuma kai manuni can. Layi biyu ne a cikin madaukin: in c yana tsakanin '1' da '9' kuma bai wuce adadi ba, manuni ya zama c - '1', a juya an_zaba. Dattijon hatsin nan har yau bai taɓa kibiya ba, kuma ya fi ni sauri. Hakan zai taimake ka kai ma in kana gwaji a waya da Termux, inda kibiyoyin ƙananan maɓallai ne a saman madannai.

In ka gyara, ɗauko mini hoton allon daga laftof ɗin rumfar, ba taka ba, da rana, da abu uku a zaɓe da manuni a kan wanda ba a zaɓa ba. Ka tabbata Kuɓewa tana cikin jerin, layinta nake so in duba.